Adon maganar Turanci mai ambaton abinci: me yake nufi, daga ina ya fito?

Ɗalibar Fassara:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina neman taimako a kan adon maganar Turanci da ake ambaton abinci a cikinsa. Ya cika jaridu da labaran rediyo, kuma in aka bi shi kalma bayan kalma sai ma'ana ta watse. Ga waɗanda suka fi tsaya mini a rai: "take it with a pinch of salt", "spill the beans", "egg someone on", "bring home the bacon", "have your cake and eat it", da kuma "red herring".

Abu uku nake so in sani. Na farko, ainihin ma'anar kowanne. Na biyu, asalinsu. Ana ta yaɗa labarai a intanet cewa da gishiri ake biyan sojojin Rum albashi, da cewa Girkawa da wake suke kaɗa ƙuri'a shi ya sa ake cewa a zubar da wake. Gaskiya ne, ko shaci-faɗi? Na uku, yaya ake mayar da su Hausa ba tare da an yi musu kwaɗon kalmomi ba? Musamman na gishirin nan: daidai yake da "ƙara gishiri" namu? Allah ya saka da alheri.

Malamin Turanci:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Bari in fara da gishirin, don a nan aka fi zamewa.

"Take it with a pinch of salt" ba ƙara gishiri ba ne. Ƙara gishiri aikin mai ba da labari ne, shi ne yake kumbura magana. Wannan kuwa aikin mai sauraro ne: ya karɓi magana amma kada ya haɗiye ta duka, ya sa mata ayar tambaya. In kin ga an rubuta cewa a ɗauki alƙaluman wani jami'i "with a pinch of salt", fassarar ita ce a yi taka-tsantsan da alƙalumansa, mai yiwuwa akwai ƙarin gishiri a ciki. Kin ga namu ya shigo, amma ta ƙofar baya. Mutanen Ingila "pinch" suke cewa, wato ɗan abin da yatsu biyu suke tsinka, Amurkawa kuma "grain", wato ƙwaya ɗaya. Duk ɗaya ne.

Asalinsa ana jingina shi ga Pliny, marubucin Rum, a babban kundinsa na tarihin halittu da ya kammala wajen shekara ta 77 miladiyya. Ya ce da Pompey ya ci Mithridates, sarkin Pontus da ke gaɓar Bahar Aswad, da yaƙi, an samu wani laƙani na maganin guba cikin takardun sarkin: busassun 'ya'yan walnut biyu, ɓaure biyu, ganye ashirin na wani tsiro mai ɗaci da ake kira rue, a daka su tare, a sa ƙwayar gishiri ɗaya, a sha kafin a karya. Laƙanin yana nan a rubuce, ba a musu a kansa. Abin da ba shi da tabbas shi ne yadda ya koma nufin shakka. Fahimtar da aka fi yarda da ita ita ce gishiri yana sa abu mai wuyar haɗiya ya wuce. A Turanci dai an fara ganinsa da wannan ma'ana a ƙarni na 17.

Batun sojojin Rum kuwa, rabinsa ne gaskiya. Kalmar "salary" daga "salarium" ta Latin ta fito, ita kuma tana da alaƙa da "sal", gishiri. Amma babu wani rubutu na zamanin Rum da ya ce ana auna wa soja gishiri a madadin kuɗi. Tsabar kuɗi ake biyansu. "Worth his salt", wato wanda ya cancanci abin da ake biyansa, sai a farkon ƙarni na 19 ya bayyana a Turanci.

Ga yadda za ki riƙa tace irin waɗannan labaran da kanki. Ki nemo shekarar da aka fara ganin maganar a rubuce. Babban ƙamus ɗin Oxford yana kawo misalai da shekarunsu, tun daga mafi tsufa. Sai ki gwada ta da zamanin da labarin yake magana a kai. In akwai tazarar ɗaruruwan shekaru kuma babu komai a tsakani, labarin ya raunana. Sannan ki duba ƙasar da maganar ta fara fitowa.

Mu gwada da waken. Gaskiya ne mutanen Atina sun yi amfani da wake wajen jefa ƙuri'ar raba wasu muƙamai. Amma "spill the beans" a jaridun Amurka ya fara bayyana, a farkon ƙarni na 20, kuma tun farko ma'anarsa ɓata shiri ce, daga baya ya koma tona asiri. Tsakanin Atina da jaridun nan sama da shekara dubu biyu, ba a ga maganar ko sau ɗaya ba a tsakani. Wani ne ya ga wake a nan, ya ga wake a can, ya ɗinke su. Hausarsa tana nan a shirye: ya fasa ƙwai.

"Egg someone on" ya fi su duka yaudara, domin babu ƙwai a cikinsa ko kaɗan. Wannan "egg" aikatau ne daga "eggja" na tsohon harshen mutanen Sikandinabiya, waɗanda suka zauna a arewaci da gabashin Ingila a ƙarni na 9 da na 10. Tushensu ɗaya da "edge", kaifin wuƙa. Ma'anarsa zuga ko tunzurawa. In zugar ta kai mutum ga halaka, muna da wadda ta fi tasu hoto: ingiza mai kantu ruwa. Kada ki rikita shi da "egg on his face", wanda shi ƙwai ne na gaske a fuska, ana nufin mutum ya kunyata a bainar jama'a.

Tafinta:

Malam ya share hanya. Ni zan tsaya a kan fassarar, domin sanin asali ba ya fid da mai fassara in bai san aikin da maganar take yi a cikin jimla ba.

"Bring home the bacon" fuska biyu gare shi. In ana maganar iyali, ana nufin wanda yake nemo abin kai wa bakin salati, mai ɗauke da cefanen gida. In ana maganar gasa ko ciniki, ana nufin ciyo nasara, a dawo gida da tuta. Jimlar da ke gabansa da ta bayansa su ne za su nuna miki wadda ake nufi. Kuskuren da ya fi muni shi ne a ambaci naman alade a fassarar. Mai sauraro Bahaushe zai tsaya cak a kan naman, ya manta da labarin, alhali shi Baturen da ya faɗa ko tunanin nama bai yi ba.

Yaɗuwarsa tana da rana sananniya. Ranar 3 ga Satumba 1906 aka yi damben zamani a Goldfield da ke jihar Nevada tsakanin Joe Gans, baƙar fata zakaran duniya a ajin marasa nauyi, da Battling Nelson. Jaridu sun ruwaito cewa mahaifiyar Gans ta aika masa da telegiram tana cewa idon duniya na kansa, ya dawo gida da naman. Ya ci damben a turmi na 42, marubutan wasanni suka ɗauki maganar suka yi ta juyawa. Za ki kuma ji ana danganta shi da garin Dunmow na yankin Essex a Ingila, inda tun ƙarni na 14 aka san al'adar ba da ɓarin naman alade ga ma'auratan da suka rantse sun yi shekara da kwana ɗaya ba su yi nadamar aurensu ba. Al'adar gaskiya ce, har yanzu ana yi. Amma in kin ɗora ta a ma'aunin da Malam ya bayar, ba ta tsayawa: maganar ba daga Ingila ta fito ba, kuma ta makara da shekara ɗari biyar.

"You can't have your cake and eat it" yana rikita har su masu harshen, saboda "have" a nan ba ci ba ne, riƙewa ne. Ba za ka cinye kek ɗinka kuma ya kasance yana nan a hannunka ba. Tsoho ne sosai: yana cikin wata wasiƙa da Thomas Howard, hakimin Norfolk, ya aika wa Thomas Cromwell, babban ministan sarkin Ingila, a 1538, yana kuma cikin tarin karin maganar John Heywood na 1546, inda aka gabatar da ci kafin riƙewa, wanda ya fi fito da ma'anar fili. Namu shi ne taura biyu ba ta taunuwa. A lura dai: taura biyu takan shafi haɗa ayyuka biyu a lokaci guda, na Turancin kuma ya fi karkata ga mai son ya ci moriya ba tare da ya biya farashinta ba. In wannan ake nufi, gara a faɗa kai tsaye: yana so ya ci riba biyu, ba ya son ya rasa ko ɗaya.

Tunda an shigo maganar kek, "a piece of cake" abu ne mai sauƙi, kamar shan ruwa. A Amurka aka fara ganinsa a shekarun 1930, matuƙan jiragen yaƙin Ingila suka yaɗa shi a Yaƙin Duniya na Biyu. "Takes the cake" daban ne. Ana danganta shi da gasar taku da rangwaɗa ta baƙaƙen fatar kudancin Amurka a ƙarni na 19, inda waɗanda suka fi iya tafiya suke tashi da kek. A yau galibi da takaici ake faɗarsa, ana nufin wannan ya fi duk na baya muni. Mutanen Ingila "takes the biscuit" suke cewa. Wanda ya fassara shi da "ya ciri tuta" ba tare da ya saurari muryar mai magana ba, sai ya mayar da zargi yabo.

Saura "red herring". Kifi ne na teku da ake jiƙa wa gishiri mai yawa a yi masa banda har ya yi ja, ga wari mai ƙarfi. A 1807 ɗan jarida William Cobbett ya rubuta cewa yana yaro ya taɓa jan irin wannan kifi a ƙasa don ya kawar da karnukan farauta daga sawun zomo, ya kwatanta haka da yadda labarin ƙarya na cewa an ci Napoleon da yaƙi ya ɗauke hankalin jaridun Ingila daga matsalolin cikin gida. Hausarsa ɓad-da-sawu, ko abin da aka jefo don a kawar da hankalin mutane daga ainihin magana. Ba ƙarya yake nufi ba lallai. Abin yana iya zama gaskiya, sai dai ba shi ne batun ba.

Ɗalibar Fassara:

Allah ya ƙara ilimi, malamai. Na fahimci ma'aunin shekarun nan. To, akwai waɗanda labarinsu ya tabbata kuwa? Na ci karo da "eat humble pie", "the proof of the pudding" da "baker's dozen", su ma kowanne da tatsuniyarsa.

Mai Bin Tushen Kalmomi:

Akwai, Malama, kuma na farkon da kika kawo yana cikin waɗanda suka fi ƙarfin hujja.

A Turancin da, kayan cikin barewa, wato zuciya da hanta da ƙoda da huhu, ana kiransu "numbles", daga "nombles" ta tsohon Faransanci. Da yake ana cewa "a numble", kunne ya riƙa jin "an umble", harafin n ya koma jikin kalmar da ke gabansa. Haka ya faru da "apron", wadda asalinta "napron" ce, da "adder", wadda asalinta "nadder" ce. Ana yanka kayan cikin a nannaɗe su da kwaɓin fulawa a gasa, shi ne "umble pie". Samuel Pepys ya ambaci cinsa a littafin ajiyar al'amuransa na yau da kullum a shekarun 1660. A gefe guda ga kalmar "humble", mai nufin ƙasƙantar da kai, daga Latin, ba su haɗa dangi ba sam. Amma mutane da yawa a Ingila ba sa furta h ɗin farkonta, sai kalmomin biyu suka zama sauti ɗaya. Daga nan a farkon ƙarni na 19 aka samu "eat humble pie": mutum ya sauko daga dokin girman kai, ya amsa kuskurensa, ya ba da haƙuri yana jin kunya. In dole ce ta sa ya janye abin da ya faɗa da bakinsa, ya lashe amansa ke nan. Amurkawa "eat crow" suke cewa, cin hankaka.

Inda aka ƙara gishiri a labarin shi ne cewa wai barori kaɗai ake ba kayan ciki, iyayen gida suna cin tsoka. Pepys babban jami'in hukumar jiragen ruwan yaƙi ne, kuma da daɗinsa ya ci.

Na biyun cikakkensa shi ne "the proof of the pudding is in the eating", kuma kalmomi biyu ne suka sauya ma'ana a ƙarƙashinsa. "Proof" a nan ba hujja ba ce, gwaji ne. "Pudding" kuma ba kayan zaƙin da ake ci bayan abinci ba ne. A lokacin da karin maganar ya bayyana, farkon ƙarni na 17, niƙaƙƙen nama ne da kitse da hatsi, wani lokaci da jini, a ɗura cikin hanji ko tumbi a ɗaure a dafa. Daga waje ba ka ganin abin da ke ciki, ba ka sanin ya dahu ko ya lalace sai ka yanka ka kai baki. Ma'anar ke nan: ba a yanke wa abu hukunci sai an jarraba shi. Gani ya kori ji ya fi kusa da shi. Wasu suna sa "ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare", amma wannan yana magana ne a kan wanda yake daurewa in wuya ta zo, ba a kan gwada ingancin abu ba. Amurkawa sun gutsure shi ya koma "the proof is in the pudding", wanda in aka bi kalmominsa ba ya nufin komai, amma ma'anar ba ta sauya ba.

"Baker's dozen" goma sha uku ne maimakon goma sha biyu, kuma Hausa tana da kalma ɗaya da ta gama da shi: gyara. A ƙarni na 13, zamanin Sarki Henry na Uku, an yi dokar burodi da giya a Ingila wadda ta ɗaure nauyin burodi da farashin alkama. In alkama ta yi tsada nauyin burodin kwabo ya ragu, in ta yi araha ya ƙaru, kuma mai gashin da aka kama da tauye nauyi ana cin tararsa ko a sa shi a turu a kasuwa. Matsalar ita ce kwaɓi yana rage nauyi a tanda saboda ruwa yana fita, yana kuma ƙara raguwa in burodi ya kwana, ga ma'aunan lokacin ba daidai suke ba. Sai masu gashi suka riƙa ɗora ɗaya a kan kowane dozin don su tsira. Akwai bayani na biyu: na goma sha ukun shi ne ribar 'yan tallan da suke sara daga gidan burodi su sayar a titi.

A nan zan ɗan ja da ma'aunin Malam, ba don ba shi da kyau ba. Ita wannan maganar sai a ƙarshen ƙarni na 16 aka gan ta a rubuce, shekara ɗari uku bayan dokar. In tazara kaɗai za a duba, sai a jefar da labarin. Amma dokar ta ci gaba da aiki duk tsawon shekarun nan, har cikin ƙarni na 19, a ƙasa ɗaya, a sana'a ɗaya. Saboda haka ba tsawon tazara ne abin dubawa ba, a duba ko akwai igiyar da ta haɗa bakin biyu. Waken Atina ba shi da ita, burodin Ingila yana da ita.

Burodi ya shiga Turanci fiye da yadda ake zato. "Lord" daga "hlafweard" ta fito, mai tsaron burodi. "Lady" daga "hlaefdige", mai kwaɓa burodi. "Companion" kuma daga Latin, wanda kuke cin burodi tare, kamar a ce abokin cin tuwo.

Malamin Turanci:

Na karɓi gyaran, Malam, igiyar ita ce magana.

'Yar'uwa, saura abin da yake kayar da ɗalibai a jarrabawa in sun zo amfani da su da kansu. Adon magana ginannen abu ne, wasu sassansa suna motsi, wasu ba sa motsi. Aikatau yana bin lokaci, wakilin suna yana bin mai magana: "she spilled the beans", "they ate humble pie", "he wants to have his cake and eat it". Amma sunan abincin da ƙananan kalmomin da ke manne da shi ba a taɓa su. "Spill the bean" kuskure ne, "pour the beans" kuskure ne, "a slice of cake" kuma kek ne na gaske a faranti, ba sauƙi ba. Ba a cewa "eat a humble pie", babu "a" a cikinsa. A waɗanda suke da ɗan ƙarin kalma a ƙarshe, wakilin suna a tsakiya yake zama: "egg him on", "butter her up" (a yi mata daɗin baki), ba "egg on him" ba.

Sai wurin da ya dace da su. "Red herring" da "pinch of salt" suna shiga sharhin jarida da rubutun ilimi ba tare da matsala ba. "Spill the beans", "piece of cake" da "bring home the bacon" na hira ne da kanun labarai, ba a sa su a takardar neman aiki ko wasiƙa zuwa hukuma. Kuma guda ɗaya ya isa a sakin layi. In kin zaɓi "pinch" da "biscuit" na Ingila, ki tsaya a kansu har ƙarshen rubutun, kada ki gauraya da "grain" da "crow" na Amurka.

Ki yi hattara da "sour grapes" ma, tunda zai zo miki. Daga tatsuniyar Girkawa ta dila da inabi ya fito: ya yi ta tsalle bai kai ba, ya juya yana cewa da ma masu tsami ne. Ba kowace hassada ko jin haushi ake kira haka ba. Sai mutum ya nemi abu, ya rasa, sannan ya koma yana kushe shi. Ɗan takarar da ya faɗi zaɓe ya ce an yi masa maguɗi, wannan ƙorafi ne. Wanda ya faɗi ya ce da ma kujerar ba ta da wani amfani, shi ne ya ci inabi mai tsami.